Guguwar maganaɗisu: yadda iskar rana ke girgiza garkuwar duniya, da abin da ya shafe mu a ciki

Tambaya: Malam, a watan Mayun 2024 kafofin labarai sun yi ta sanar da cewa guguwar rana ta afka wa duniya. Mece ce wannan guguwa, ta wace hanya abin da ya taso daga rana yake taɓa maganaɗisun ƙasa, kuma ko tana da hannu a zafin da muka sha ko a yawan ɗauke wuta?

Amsa: Ɗan'uwa, mu fara da zafi, tunda shi ya fi tsaya wa mutane a rai. Zafin bazara babu ruwansa da wannan guguwa. Hasken da ɗumin da rana ke aiko mana ba sa sauyawa sai da kimanin kashi ɗaya cikin dubu tsakanin shekarun da take a hargitse da shekarun da take kwance. Abin da ake kira guguwa a nan hargitsi ne a cikin maganaɗisun da ya lulluɓe duniya. Ba ya yaye kwanon ɗaki, ba ya taɓa fatar mutum, kuma a ƙasashenmu sai da na'ura ake sanin ya faru.

Rana ba haske kaɗai take fitarwa ba. Lulluɓinta na waje, wanda za mu kira rawanin rana, zafinsa ya haura digiri miliyan ɗaya, har nauyin rana ba ya iya riƙe shi, sai ya riƙa kwararowa sararin samaniya dare da rana. Wannan kwarara ita ce iskar rana: ƙwayoyin furoton da ilektiron masu ɗauke da caji. Eugene Parker ne ya lissafa samuwarta a 1958, kumbon Mariner 2 kuma ya tabbatar da ita a 1962. Idan ta iso kusa da mu gudunta yakan kama daga kilomita 300 zuwa 800 a daƙiƙa guda, amma sirara ce ƙwarai, ƙwaya biyar ko makamancin haka a cikin kowane ɗan gurbi mai santimita ɗaya a tsawo da faɗi da zurfi. Tsakaninmu da rana kilomita miliyan 150 ne, don haka iska mai gudun 400 takan yi kwana huɗu da 'yan sa'o'i a hanya. Abin da ya fi muhimmanci a tattare da ita shi ne ta jawo maganaɗisun rana tana tafe da shi. Ƙarfinsa a ranar da babu hargitsi kimanin nanotesla 5 ne (nanotesla ma'aunin ƙarfin maganaɗisu ne). A kwatanta da maganaɗisun duniya a doron ƙasa, wanda yake tsakanin 25,000 da 65,000, mutum zai ce wannan ba a bakin komai yake ba. To amma shi ne mabuɗin al'amarin gaba ɗaya.

Ƙwaya mai caji ba ta iya ƙetare layukan maganaɗisu kai tsaye, sai dai ta kewaye su. Saboda haka iskar rana idan ta ci karo da maganaɗisun duniya sai ta rabe ta bi gefe, kamar ruwan kogi da dutse. A ɓangaren da ke fuskantar rana tana danne garkuwar har bakinta ya tsaya a nisan kusan kilomita 64,000 daga tsakiyar duniya, wato ninki goma na rabin faɗin duniya. A ɓangaren dare kuma tana jan ta ta zama doguwar wutsiya da ta zarce falakin wata nesa ba kusa ba. Garkuwar tana da taurin kai wajen matsuwa: sai matsin iskar ya ninka sau 64 kafin bakinta ya dawo rabin nisansa. Duk da haka a manyan guguwoyi yakan matso har ya shige cikin falakin da taurarin sadarwa da na talabijin suke, mai tsayin kusan kilomita 36,000 daga ƙasa, sai su wayi gari a waje da garkuwa.

Abubuwa uku ne ke tasowa daga rana, kuma labarai kan cakuɗa su. Na farko walƙiyar rana, wato fashewar haske mai ƙarfi a kusa da baƙaƙen tabon da ke fuskarta. Tunda haske ne, cikin minti 8 da 'yan daƙiƙu ya iso. Ba ya haddasa guguwar maganaɗisu, abin da yake yi shi ne ya kashe rediyon gajeren zango a ɓangaren duniya da rana take haskawa, daga 'yan mintuna zuwa sa'a ɗaya ko biyu. Na biyu shi ne aman rana, wanda masana ke taƙaita sunansa da CME: curin iskar rawani mai nauyin tan biliyoyi da ke ɓallewa tare da maganaɗisunsa a murɗe kamar igiya. Yakan yi kwana ɗaya zuwa huɗu a hanya. Wanda ya biyo bayan walƙiyar da Richard Carrington ya gani ranar 1 ga Satumba 1859 ya iso cikin ƙasa da sa'a 18, na watan Agustan 1972 kuwa bai cika sa'a 15 ba. Kusan duk manyan guguwoyin tarihi aman rana ne ya kawo su. Na uku ramukan rawani ne, wuraren da maganaɗisun rana yake a buɗe, iska mai gudun 700 zuwa 800 ke fita ta cikinsu ta cim ma mai tafiyar hawainiya da ke gabanta ta danne ta. Guguwoyin wannan nau'i ƙanana ne ko matsakaita, sai dai suna daɗewa, kuma sukan dawo bayan kwana 27, lokacin da rana ta zagayo da ramin ya sake fuskantarmu.

Yanzu ga inda nake so ka tsaya da kyau. Girman aman rana ko gudunsa bai isa ya ce za a yi guguwa ba. Abin da ke yanke hukunci shi ne inda maganaɗisun da ke cikinsa ya fuskanta sa'ad da ya iso. A bakin garkuwa ta gefen rana, layukan maganaɗisun duniya arewa suke kallo. Idan na iskar rana shi ma arewa yake kallo, sai su goge juna kawai, garkuwa ta matsu amma ƙofa ta kasance kusan a rufe. Idan kuwa kudu yake kallo, layukan biyu sun zama kishiyoyi, sai su tsinke a inda suka haɗu su ƙullu da juna. Layin duniya da a da yake rufe, yanzu kansa ɗaya yana ƙasa ɗaya yana cikin iskar rana. Iskar ta ja shi ta bisa ƙuryar arewa da ta kudu ta kai shi wutsiya, can layukan su taru su matsu har su sake tsinkewa su ƙullu, su harbo ƙwayoyi masu zafi zuwa wajen duniya ta ɓangaren dare. James Dungey ne ya bayyana wannan zagaye a 1961, kuma har yau a kansa ake gina fahimtar guguwa.

Wannan ɓangare na arewa da kudu shi ake rubutawa Bz, kuma alamar ragi a gabansa tana nufin kudu. Akwai lissafi mai sauƙi da ke nuna yawan ƙarfin da ke shigowa: a ninka gudun iska da Bz na kudu, a raba da dubu, amsar tana fitowa a milivolt kan kowace mita. Gudun 400 da Bz −5 ya ba da 2. Gudun 800 da Bz −40 ya ba da 32, ninki goma sha shida ke nan. Sai kuma daɗewa. Ƙa'idar da masu nazarin fannin suka daɗe suna aiki da ita ita ce Bz ya wuce −10 ya kuma zauna a haka fiye da sa'a uku, to a sa ran guguwa mai ƙarfi. A ranar 10 ga Mayun 2024 aman rana da dama ne suka biyo juna daga tarin tabo guda, wasu suka cim ma wasu a hanya, Bz ya kusa −50, kuma ya yi sa'o'i yana kudu. Wannan ma shi ya sa guguwoyi suka fi yawa a wajejen Maris da Satumba: a waɗannan watanni karkatar duniya tana sa maganaɗisun iskar rana ya fi samun rabo ta kudu idan aka auna shi da namu.

A na'urar auna maganaɗisu da ke ƙasa, guguwa tana da tsari sananne. Da farko allura takan yi tsalle sama da nanotesla 20 zuwa 50 ko fiye cikin 'yan mintuna, wannan bugun gaban curin ne ya matse garkuwa. Bayan haka, idan Bz ya juya kudu, sai ƙarfin ya riƙa faɗuwa na tsawon sa'o'i. Dalili kuwa shi ne ƙwayoyin da aka harbo daga wutsiya sun maƙale a kewayen duniya, a nisan ninki uku zuwa takwas na rabin faɗinta. Masu cajin ƙari suna gangarawa yamma, ilektiron suna gangarawa gabas, haɗuwarsu ta zama zoben lantarki mai gudana yamma, maganaɗisun wannan zobe kuma yana adawa da na duniya. A manyan guguwoyi ƙwayoyin iskar oksijin da aka tsotso daga saman sararinmu ma sukan cika zoben. Da Bz ya koma arewa sai zoben ya fara sacewa, domin ƙwayoyinsa suna karo da siririyar iskar haidirojin da ke can su rasa cajinsu su tsere. Farfaɗowa takan ɗauki kwana ɗaya zuwa mako.

Ma'aunin zurfin wannan faɗuwa shi ne Dst, wanda ake haɗawa a Kyoto ta Japan daga tashoshi huɗu: Honolulu, San Juan, Kakioka da Hermanus ta Afirka ta Kudu. Daga −50 guguwa matsakaiciya ce, daga −100 mai ƙarfi. Ta Maris 1989 ta kai −589, ta Mayun 2024 ta ɗan wuce −400. Ɗaya ma'aunin da aka fi ji shi ne Kp, daga 0 zuwa 9, ana fitar da shi duk sa'a uku a Potsdam ta Jamus daga tashoshi 13. Hukumar NOAA ta Amurka ta ɗora matakanta a kansa: Kp 5 shi ne G1, Kp 9 shi ne G5. Guguwar Mayun 2024 ita ce G5 ta farko tun Oktoban 2003. Hasken orora, wato hasken launi-launi da ke bayyana a sararin sama da dare, wanda aka gani a lokacin har Meziko da Afirka ta Kudu ilektiron ne da suka gangaro ta layukan maganaɗisu suka bugi oksijin: kore a tsayin kilomita 100 zuwa 150, ja a sama da 200.

Matsalar hasashe tana nan a kan Bz ɗin. Kumbon SOHO yana ganin aman rana tun yana ɓallewa, a ƙiyasta gudunsa da ranar isowarsa, ko da yake kuskuren sa'a goma ba abin mamaki ba ne. Amma inda maganaɗisunsa ya fuskanta ba a saninsa da tabbaci sai ya wuce ta kan kumbunan da aka ajiye a nisan kilomita miliyan ɗaya da rabi ta wajen rana, irin su ACE. Daga nan zuwa duniya iska mai gudun 400 sa'a ɗaya take yi, mai gudun 1,500 kuwa minti 17. Iyakar gargaɗin da za a dogara da shi ke nan. Don haka idan aka yi shelar babbar guguwa sannan ba ta zo ba, galibi curin ya iso, Bz ɗinsa ne ya tsaya arewa.

Ɓarnar da take yi a ƙasa ta dogara ne da saurin sauyawar maganaɗisu fiye da girman sauyin. Maganaɗisu mai sauyawa yana haifar da lantarki a cikin duk abin da ke ɗaukar wuta, irin yadda janareto ke aiki. A lokacin guguwa ƙasa kanta takan samu bambancin volt ɗaya ko fiye a kowace kilomita, musamman inda ƙarƙashinta dutse ne mai tauri da ba ya barin wuta ta ratsa shi da sauƙi. A ɗauki misali: layi mai tsawon kilomita 500 a filin volt ɗaya kan kilomita zai tara volt 500. Idan turjiyar layin da taransifomomi biyu da wayoyin ƙasarsu ta kama om 5, amfiya 100 ce za ta gudana. Tana shiga ta wayar da aka binne a ƙasa ta wata babbar taransifoma, ta bi layin, ta fita ta wata. Wannan wuta kusan miƙaƙƙiya ce kamar ta batir, taransifoma kuwa don wuta mai kai-da-komo aka ƙera ta. Sai ƙarfen cikinta ya ƙoshi da maganaɗisu a rabin kowane zagaye. Daga nan abubuwa uku ke biyowa: maganaɗisu ya malalo ya ɗumama tanki da ƙusoshi har takardar da ta naɗe waya ta fara ƙonewa, taransifoma ta riƙa zuƙar ƙarfin da ke riƙe da volt na layin gaba ɗaya, sannan siffar wutar ta gurɓace har na'urorin kariya su ɗauka lahani ne su katse kayan da lafiyarsu ƙalau.

Na ukun nan ne ya kayar da lantarkin Kebek ta Kanada da ƙarfe 2:44 na daren 13 ga Maris 1989. Na'urori bakwai masu daidaita volt suka katse ɗaya bayan ɗaya, layukan kilovolt 735 da ke kawo wuta daga madatsun arewa suka fita, cikin kusan daƙiƙa 90 komai ya mutu. Mutum miliyan shida suka yi sa'a tara babu wuta. A guguwar Oktoban 2003 wani sashe na birnin Malmo a Suwidin ya rasa wuta na kusan sa'a guda, kuma a watannin da suka biyo baya manyan taransifomomi da dama a Afirka ta Kudu suka lalace. Darasin Afirka ta Kudu ya fi kusa da mu, domin can ba a yankin orora take ba, kuma lahanin bai bayyana nan take ba, sai a gwajin iskar da ta narke cikin man taransifoma. Injiniyoyi suna da matakan da aka sani: a sa ma'aunin miƙaƙƙiyar wuta a wayar ƙasa ta manyan taransifomomi, a rage lodin dogayen layuka idan an yi gargaɗi, a ɗage gyaran da zai fitar da wani layi daga aiki, a gwada mai bayan kowace babbar guguwa. Taransifoma mai ƙafa uku a ƙarfe guda ta fi juriya a kan jerin guda uku masu layi ɗaiɗai. Wayar gida, faifan sola, inbata da wayar hannu gajeru ne, ba sa tara abin a-zo-a-gani.

A sama kuma guguwa tana ɗumama siririyar iskar da ke tsayin ɗaruruwan kilomita ta kumbura, ta riƙa jan taurarin da ke ƙasa-ƙasa. A Fabrairun 2022 guguwa ce ƙarama, G1, amma cikin taurarin Starlink 49 da aka harba zuwa tsayin kusan kilomita 210, guda 38 sun faɗo sun ƙone.

Mu a nan rabonmu daban yake da na Kanada. Ikwaitar maganaɗisu, layin da maganaɗisun duniya yake kwance ɗoɗar ba ya duƙawa ƙasa, ba ta bi ikwaitar taswira ba. A Afirka ta Yamma ta hauro arewa, ta ratsa arewacin Najeriya. A samanta, a tsayin kusan kilomita 105, akwai kogin lantarki mai faɗin kusan kilomita 600 da ke gudana gabas da rana tsaka. Farfesa Cyril Onwumechili ya yi shekaru yana nazarinsa tun daga Ibadan. Idan bugun iskar rana ya zo da rana, wannan kogi yakan ƙara girman tsallen maganaɗisu a ƙarƙashinsa fiye da na ƙasashen da ke gefe. Saboda haka dogayen layukanmu na kilovolt 330 sun cancanci a sa musu ma'auni, bai kamata a ɗauka kusancin ikwaita ya kare su ba.

Inda abin ya fi taɓa mu shi ne GPS da rediyo. Saƙon GPS yana saukowa daga tsayin kilomita 20,200 ya ratsa ayonosfiya, wato saman sararinmu mai cike da ƙwayoyi masu caji, ilektiron da ke hanya suna jinkirta shi, na'ura kuma ta fassara jinkirin a matsayin ƙarin nisa. Na'ura mai zango biyu tana cire wannan kuskure. Abin da ba ta iya cirewa shi ne kumfar da ke tasowa a ayonosfiyar ikwaita, wato gurabe masu ƙarancin ilektiron, bayan faɗuwar rana, daga bayan magariba zuwa tsakar dare, wadda ke sa saƙo ya riƙa ƙyaftawa har na'ura ta saki tauraro. Wannan yana faruwa ko ba guguwa, musamman a watannin Maris, Afrilu, Satumba da Oktoba na shekarun da rana take a hargitse, kuma zagayen shekara 11 da ya fara a Disambar 2019 ya kai ƙololuwarsa a wajejen 2024. Guguwa takan tsananta kumfar ko ta danne ta, ya danganta da sa'ar da Bz ya juya. Mai awon fili da ke neman daidaiton santimita ya yi aikinsa da safe, ya duba Kp kafin ya fita, idan ya kai 5 ya tsawaita zaman na'ura a kowane turke ko ya ɗage aikin, kuma kada ya amince da awon da aka yi bayan magariba sai ya maimaita shi washegari. Mai sauraron gajeren zango kuwa, idan tashoshi suka ɓace gaba ɗaya farat ɗaya da rana, walƙiya ce, za su dawo. Idan suka yi kwana biyu ko uku suna rauni a zanguna masu yawan megahaz, guguwa ce, a gwada zango mai ƙarancin megahaz. Kamfas na duba alƙibla bai shiga wannan damuwa ba: ko gefen maganaɗisu ya kauce da nanotesla 300, a kan kusan 33,000 da muke da shi, rabin digiri ne kawai.

Batun ɗauke wuta kuma akwai hanyar tantancewa. A rubuta ainihin mintin da layi ya faɗi, a mayar da shi agogon duniya, wato a cire sa'a ɗaya daga agogon Najeriya da Nijar, a duba ko a wannan mintin maganaɗisu ya yi tsalle. Bayanan Kp da Dst a buɗe suke a intanet, cibiyar SANSA, hukumar sararin samaniya ta Afirka ta Kudu, da ke Hermanus tana sa ido dare da rana domin Afirka, hukumar sararin samaniya ta Najeriya, NASRDA, ma tana da cibiyar nazarin sararin sama a Anyigba ta Jihar Kogi. Idan Kp yana 2 ko 3 kuma babu bugun da ya iso a sa'ar, a nemi dalilin a ƙarancin gas, ko tsufan kaya, ko lodin da ya fi ƙarfin layi.